Kofin Kan Katanga

A gidan Malam Dzarma da ke unguwar Hausari akwai wani kofin silba mai lotsattsen baki wanda bai taɓa shiga ɗaki ba. Wurin zamansa kan katanga ne, kusa da ƙofar zaure, rana ta dake shi, ruwan sama ya dake shi. Kofin Pindar ke nan.

Ba wai Pindar yana da wata cuta ba ne. Saurayi ne tsaf, akawu a wani kamfanin fatu a Gamboru, mai tsafta har ta so ta yi yawa. Laifinsa ɗaya, ɗan maƙera ne. Shi kansa bai taɓa riƙe guduma ba, amma can ƙauyensu na kudancin Borno, a gindin duwatsu, kakanninsa su ke ƙira, su ke ɗaukar gawa zuwa kabari. A al'adar garin ba a shan ruwa ƙoƙo ɗaya da maƙeri, ba a cin tuwo kwano ɗaya da shi, aure kuwa ko a mafarki. Malam Dzarma ya baro wannan ƙauyen tun yana saurayi, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya zama dattijon ikilisiya, amma wannan abu sai da ya ƙunso shi cikin kayansa ya taho da shi Maiduguri.

Sai kuma ga 'yarsa Florence, malamar firamare, duk faɗin Maiduguri ta rasa wanda za ta so sai mai kofin.

Ran Juma'a da aka tashi daga makaranta ta same shi yana jiran ta a inuwar dogon yaro, riƙe da kekensa. Tun daga nesa ta san ba lafiya, don bai yi mata murmushi ba.

"Florence, jibi mutanen Wilson za su zo gidanku nema masa aurenki," ya ce. "Duk 'yan mawaƙan coci sun sani."

"Su zo mana. Hanya ai ba tawa ba ce."

"Na nemi a mai da ni ofishinmu na Nguru. Sun yarda."

Ta tsaya cak, littattafan yara a ƙirjinta. "Wato gudu za ka yi."

"Ba gudu ba ne. Ina son ki, Allah ya sani, har ba na iya cin abinci. Amma ki duba abin da zan jawo miki. Danginku za su ware miki kwano. Ƙanwarki Margaret za ta rasa manema. Wilson ɗan gida ne, yana da mota, yana gini a Galtimari. Ni me nake da shi? Ko a gidanku sai an tsiyayo mini ruwa daga sama kamar ana ban ruwan shuka."

Hawaye ya cika mata ido, amma ba ta bar shi ya zubo ba. Haushi take ji, na uban, na saurayin, na kowa.

"Pindar, na taɓa ce maka mota nake nema?"

"Ba ki ce ba."

"To, gobe bayan la'asar ka zo gidanmu. Lokacin Birnin Ƙarƙashin Tafki."

"Wasan rediyo, Florence? Ina miki maganar rayuwa, kina mini maganar wasan rediyo?"

"Ka zo dai. In ka zo ka ga ban yi komai ba, ni da kaina zan raka ka tashar Nguru."

*

Da safiyar Asabar mahaifiyarta, Mama Edith, ta tsare ta a madafa. Tana tankaɗe, tana magana ba ta ɗago kai ba.

"Ki yi kitso yau. Gobe kar baƙi su gan ki kamar wadda aka koro."

"Mama, na faɗa miki ba na son Wilson."

"Ni da aka kai ni gidan ubanki son shi nake yi? Ga shi muna zaune."

"Ba a tilasta ki ba, ke kika gaya mini. A bakin rijiya kuka shirya."

Mama Edith ta ajiye rariya. Idonta ya kaɗa. "Florence, ki ji tausayina. Yaron nan ban ƙi shi ba. Da na yi zazzaɓin nan wa ya ɗauke ni a keke zuwa asibiti? Shi ne. Amma ba mu muka kafa abin nan ba, tarar da shi muka yi. Ko kofinsa kika kai baki, a garinmu kin zama tasu, an gama. Ranar bikin Margaret ba za ki sa hannu a tukunya ba. Ranar da na mutu ba za ki raba abinci ba."

"A coci fa? Baba ne ke raba gurasa da abin sha na jibin Ubangiji. Pindar yana karɓa daga hannunsa."

"A coci kowa da ɗan kofinsa."

Florence ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ta durƙusa ta riƙe hannun uwarta, gari ya shafe su duka biyu. Sai a nan kukan ya ƙwace mata.

"Mama, na yi addu'a Allah ya cire mini shi a zuciya. Na yi azumi. Bai cire ba. In na auri Wilson, ƙarya zan yi a gaban bagade, kuma ke kika koya mini kar in yi ƙarya."

"To ki faɗa wa ubanki."

"Na faɗa. Cewa ya yi magana ta ƙare."

"To ta ƙare ke nan."

"Ba ta ƙare ba, Mama. Akwai wuri ɗaya da Baba yake sauraron mutum har ya gama magana."

*

Wurin nan kuwa ba wani wuri ba ne illa tabarmar tsakar gida, gaban rediyo.

A shekarar nan ta 1984 babu abin da ya kama mutanen Maiduguri kamar Birnin Ƙarƙashin Tafki. Labarin jarumi Bulzam ne, wanda Sarkin Kadoji ya nutsar da birninsu da mutanensa da ransu a ƙarƙashin wani tafki. Bulzam ya ƙetare dajin da itatuwa ke tafiya, ya yi kokawa da tsuntsun da inuwarsa ke rufe gari, duk don ya fasa ƙofar ƙarfen da ke tsakiyar ruwa. Tsohuwar maƙeriya Inna Zuga ita ke ƙera masa mashi, kuma duk mashin da ta ƙera, yana taɓa ƙofar sai ya karye. Asabar bayan la'asar ko mai shayi ba ya kula ciniki.

Malam Dzarma, mutumin da ko dariya sai ya auna ta, a kan Bulzam yakan zama yaro. Tun kafin a fara sai a shimfiɗa tabarma, maƙwabcinsa Ba Ajimi tela ya rufe shago ya shigo, a yi ta gardama kamar a kotu. A wannan zama kaɗai babu babba babu yaro. Shi da kansa ya kafa dokar: wanda ya kawo hujja daga cikin labarin, a bar shi ya gama.

Ranar ana zafin bazara irin wanda ko ƙadangare ya nemi inuwa. Ba Ajimi ya shigo yana fifita da hularsa, yana gaisuwa da Barbarci.

"Wushe, wushe, Malam Dzarma. Yau dai za ka yarda da ni. Ƙarfen ne ba shi da kyau. Sai an samo ƙarfen tauraron nan da ya faɗo."

"Ina! Maci amana ne a cikin tawagarsa. Wannan mai jan raƙumin, ban yarda da muryarsa ba."

Wilson yana gefe a kan kujera, da farar riga da agogo, makullin mota a hannu yana kaɗawa. Bawan Allah bai taɓa jin wasan daga farko har ƙarshe ba, amma ya san inda zai sa baki.

"Gaskiyar Baba ce. Mai raƙumin ne."

Florence ta fito da 'yar kujerarta ta tsugunno. Da can daga ƙofar madafa take saurare. Yau ta kawo ta har bakin tabarma ta zauna.

"Baba, ina da hujja."

Malam Dzarma ya dube ta ta saman tabarau. Doka dokarsa ce. "Muna ji."

"Ba ƙarfe ba ne, ba kuma mai raƙumi ba. Ba Ajimi, ka tuna ran da Bulzam ya fito daga dajin nan, matar sarkin masunta ta ba shi ruwa? Me aka ji?"

"An ji yana sha mana. Ƙwat, ƙwat, har ni sai da na ji ƙishi."

"Da makiyayin nan ya ba shi nono fa?"

"Haka. Har da gyatsa."

"To duk ran da ya je maƙera, Inna Zuga ta ce, 'Ɗana, ga ruwa,' me ake ji?"

Ba Ajimi ya daina fifita. Ya ɗaga kai yana tunani.

"Ba a jin ƙwat ƙwat," in ji Florence. "Tsiyaya ake ji, sannan ɗiga. Tal, tal, tal a ƙasa. Ba ya karɓar ƙoƙonta. Tafin hannu yake tarawa, ta tsiyaya masa, rabi ya sha, rabi ya zube. Ba a taɓa faɗa da baki ba. A sauti kawai aka sa, kuma ba a taɓa mantawa ba ko sau ɗaya."

"Wallahi haka ne," Ba Ajimi ya ce a hankali. "Ni na ɗauka rufin maƙerar ne ke yoyo."

"Kuma ku lura, duk bayan ya baro maƙera ya koma bakin tafki, mai ba da labari sai ya ce ruwa ya ƙaru. Kowa na cewa sihirin Sarkin Kadoji ne. Ni ina ganin ruwan da Bulzam ke zubarwa ne yake gangarawa. Shi yake cika tafkin da hannunsa. Yana so ta ƙera masa makami, yana kuma ƙyamar bakinta. Ta yaya mashin zai riƙe? Labarin nan ba na kadoji ba ne, Baba. Ƙofar nan ba za ta buɗe ba sai ran da ya kai ƙoƙon nan bakinsa."

Mama Edith ta leƙo daga madafa da muciya a hannu.

"Ke dai malamar makaranta ce," in ji Wilson yana dariya. "Komai sai kin mai da shi darasi. Mai haɗa sauti ne ya ga dama ya kaɗa bokiti."

Malam Dzarma bai yi dariya ba. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Tatsuniya ce," ya ce. "Kar ki ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba."

Ana cikin haka aka yi sallama a zaure. Pindar ne, ya jiƙe da gumi sharkaf. Ya durƙusa ya gai da manya, ya nemi gefen da tabarma ta ƙare ya zauna a kan dutse, inda ya saba. Wilson ya kau da kai.

Baƙo baƙo ne. Mama Edith ta ɗauko kofin daga kan katanga da 'yan yatsu biyu, ta ajiye a gabansa, ta ɗebo ruwa a randa da moɗa, ta ɗaga hannu sama ta tsiyaya don kar moɗar ta taɓa bakin kofin. Kaɗan ya fantsama. Tal, tal, tal a ƙasa.

Ba Ajimi ya dubi kofin, ya dubi rediyo, ya sunkuyar da kai.

Pindar ya kurɓa, ya ajiye. Nan take gangar buɗe shiri ta tashi.

*

Ranar marubucin bai yi wasa ba. Mashi na ƙarshe ya karye. Bulzam ya dawo maƙera da rarrafe, ya tarar kadoji sun riga shi, sun rushe murhu, Inna Zuga tana kwance jina-jina. Muryarta ta fito a dishe.

"Ɗana, hannuna ba zai iya ɗaga tulu in tsiyaya maka ba. Ga ƙoƙona nan, na sha na rage. In za ka sha, sai dai ka ɗauka."

Malam Dzarma ya miƙa hannu ya murɗe rediyon. Ƙit.

"Haba, Malam Dzarma," in ji Ba Ajimi.

"Batir ya yi sanyi."

Amma ya manta a Hausari yake. Gidan hagu rediyo a kunne, gidan dama a kunne, shagon mai faci a kunne. Numfashin Bulzam ya ci gaba da shigowa ta kan katanga daga ko'ina, kamar ba a kashe komai ba.

Florence ta miƙe. Ta ji tsoro ƙwarai, amma ba ta tsaya ba. Ta taka har gaban Pindar, ta sunkuya ta ɗauki kofin.

"Florence, kar ki yi," Pindar ya ce ƙasa-ƙasa. "Don Allah."

Ta juya lotsattsen bakin, daidai inda ya sa nasa, ta kafa kai. Ba ta sauke ba sai da ta shanye tas. Kowa ya ji ƙwat ƙwat ɗin.

Muciya ta faɗi daga hannun Mama Edith. Ta zauna daɓas a dokin ƙofa ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, 'yata. Kin kashe ni."

Wilson ya tashi tsaye. "Baba, a gabanka? Ni fa mutanena gobe za su zo. Me zan ce musu?"

"Ka ce musu abin da ka gani," in ji Florence. "Ka yi haƙuri, Wilson. Ba ka yi mini laifin komai ba. Amma yanzu ko na yarda, kawunnanka ba za su ci tuwona ba."

Wilson ya tura makullin motarsa a aljihu. Ya san gaskiya ce, shi ma ɗan garin ne. Ya ɗauki hularsa ya fita, ko sallama babu.

Florence ta zo gaban ubanta ta durƙusa, kofin yana hannunta. Hawaye yana zuba, amma muryarta ba ta karye ba.

"Baba, ban yi don in kunyata ka ba. Na yi magana a ɗaki, ka ce ta ƙare. Ba ni da wata hanya."

Malam Dzarma ya daɗe yana kallon ta. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Kina ganin ke kaɗai ke da kunne? Tun ran farko na ji ɗigar ruwan nan. Na san daga irin garin da marubucin nan ya fito." Ya numfasa. "Amma akwai abin da ke ba ki kawo ba. Kin tuna makaɗin Bulzam, ran da yunwa ta sa ya ci tuwo a maƙera? Da ya koma gidansu ya yi sallama, me aka ji?"

"Ba a ji komai ba."

"Ba a ji komai ba. Ya sake sallama, shiru. Aka bar shirun nan ya daɗe har Ajimi ya fara dukan rediyo, ya ɗauka ta lalace. Ba ta lalace ba. Shirun nan nake guje miki, Florence. Za ki je garinmu ki tsaya a ƙofar gwaggonki ki yi sallama, a ƙi amsawa. Ni na ga an yi wa mutum haka. Ba ƙin yaron nan nake yi ba, tsoro nake ji."

Pindar ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi.

"Na ji shirun, Baba," in ji Florence. "Ranar ban ci abinci ba. Na san abin da ke jira na, kuma na ɗauka. Amma ka tuna ran da Kaka ya rasu. Ina ƙarama, amma na gani. Duk dangi suka ja baya. Baban Pindar ne ya shiga ɗakin, ya ɗauko shi a kafaɗa har kan dutse. A bakin kabari ka riƙe hannunsa kana kuka. Da aka dawo gida aka tsiyaya masa ruwa daga sama. In gwaggo ta ƙi amsa mini, zan yi kuka in dawo. Amma gidanka, Baba, in na yi sallama a nan aka yi shiru, wannan ne ban san yadda zan yi ba."

Ta kan katanga gangar rufe shiri ta tashi. An gama. Duk cikinsu babu wanda ya ji ko Bulzam ya sha ko bai sha ba. Ba Ajimi ya motsa baki zai yi ƙorafi, ya dubi fuskokin mutane, ya haɗiye.

Malam Dzarma ya miƙa hannu. "Ba ni kofin."

Ta ba shi. Ta san al'ada: abin da ya gauraya, fasa shi ake yi ko a jefa bayan gida, kwanonta kuma ya hau katanga. Ta runtse ido tana jiran ta ji ƙarar silba a kan dutse.

Ba ta ji ba. Takun takalminsa ta ji, yana tafiya a hankali irin na mai ciwon gwiwa. Ta buɗe ido ta gan shi tsaye a gindin randa, babbar randar gidan da kowa ke sha, wadda Mama Edith ta zo da ita tun aurenta. Ya ɗage faifan da ke bakinta.

"Baban Florence," Mama Edith ta ce, "randar ce fa gaba ɗaya."

"Na sani, Edith."

Ya tsoma kofin har wuyan hannunsa. Ya cika shi, ya tako ya tsaya a gaban Pindar, ya miƙa masa hannu da hannu.

"Karɓi. Ta shanye maka ruwa."

Pindar ya karɓa da hannu biyu.

"Ka gaya wa manyanka su zo. Da rana za su zo, ta ƙofar gaba, kowa ya gan su."

Ya koma tabarma ya zauna. Gumi yana bin wuyansa, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Florence ta share hawaye, ta je randa ta ɗebo da moɗa, ta durƙusa ta miƙa masa.

Ya dubi ruwan. Hannunsa ya taso daga kan gwiwa, ya zo rabi, ya tsaya. Ya mai da shi.

"Ajiye nan kusa da ni, 'yata," ya ce. "Yanzu dai ba na jin ƙishi."

Ta ajiye moɗar a gefensa, inda hannunsa zai kai, ta zauna tana jira.